Buhunan da Na Kai Tashar Jirgi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da girki da ɗinki a makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan garin Kafanchan kafin a ɗora mini sito da kicin. Lokacin mijina ya yi shekara biyu da rasuwa, ina zaune da 'ya'yana uku a wani gida mai ɗaki biyu cikin makarantar. Ban nemi aikin ba. Wadda ke riƙe da shi ce ta bi mijinta Jos, aka duba cikin malamai aka ga ni na san mudu nawa ke ciyar da ɗalibai ɗari uku, sai aka miƙo mini makullai.

Zamanin da makarantar ke hannun mishan babu wani abu wai shi kwangilar abinci. Ranar kasuwa mukan fita da tsohuwar motar makaranta, mu zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, mu tauna ƙwayar masara mu ji ko ta bushe, mu yi ciniki mu ɗauko. Da gwamnati ta karɓi makarantu sai tsari ya canja. Ma'aikata a Kaduna ce ke zaɓen ɗan kwangila, shi kuma ya kawo masara da wake da garin rogo da manja a farkon kowane zangon karatu. Akwai takarda mai kwafi uku da ke biyo kayan. Ma'ajin makaranta ya sa hannu, shugaban makaranta ya sa, sannan ni mai sito in sa nawa a ƙasa, shaidar na karɓi kaya cikakku masu kyau. In babu hannuna baitulmali ba zai biya ba. Da farko ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Ɗan kwangilar ba baƙo ba ne. Yayan mijina ne, ubansu ɗaya, kuma dattijo ne a majami'armu. A da citta yake saye yana kaiwa kudu. Ranar da mijina ya rasu shi ya sayi katakon akwati, shi ya biya motar da ta kai gawa ƙauye, bai bari na ji nauyin ko ɗaya ba. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini matarmu. Babbar 'yarsa tana auren wani babban ma'aikaci a ma'aikatar da ke ba da kwangilar. Kowa ya san haka, ba dai a faɗa.

Zango na farko ko buhu ɗaya ban kwance ba. Mota ta zo, aka jibge kaya a sito, Baba ya tsaya muka gaisa ya tambayi yara, ma'aji ya miƙo mini biro na sa hannu. Da Kirsimeti ta gabato sai ga aike daga gidansa, turmin atamfa 'yar Holan da garwar manja. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Rabona da sabon zane tun kafin rasuwar maigidana. Na ɗinka da kaina na sa ranar Kirsimeti, mata suna ta yabawa.

Da aka dawo hutu na sake ɗaura zanen na shiga kicin. Shugabar masu girki wata tsohuwa ce da ke hura wuta a wurin tun ina ɗaliba. Mama muke ce mata, malamai da ɗalibai duka. Tana tsugune tana tsince wake a faifai, ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Zanen nan ya yi kyau, Malama," in ji ta. "Buhu nawa ne?"

Na ce ban gane ba.

"Zo ki gani."

Ta ja ni sito ta kwance buhun masara, ta kama hannuna ta cusa shi can ƙasa. Daga sama masara ce mai kyau. Daga tsakiya zuwa gindi kuwa totuwa ce da ɓuntu da yashi. Ta nuna mini durom na manja, ta zura sanda ta zaro, rabin ƙasan sandar ruwa ne zalla. Waken kuwa duk ƙwari sun huda shi, in ka ɗebo ka ga yana motsi a tafin hannunka. Ta ce a da buhu ɗaya yakan kai su kwana biyu na kunu, yanzu kafin rana ta biyu ta yi tsaka ya ƙare, shi ya sa suke ƙara ruwa. Ashe 'yan matan har suna suka raɗa wa waken, wai wake mai nama. Ni da ke riƙe da makullai ni ce ta ƙarshe da ta ji.

Na koma gida na tuɓe zanen na sa a ƙasan akwati. Ban ƙara ɗaura shi ba.

Duk wannan zangon ido na sa. Na ga yadda ɗakin jinya ke cika da masu ciwon ciki duk ranar da aka ci wake. Na ga iyaye daga Manchok da ƙauyukan gindin dutse suna zuwa ranar ziyara da ƙullin acca da dafaffen gwaza, abin da ba sa yi a da, domin 'ya'yansu sun rubuta gida cewa yunwa suke ji. Iyayen nan manoma ne, wasu akuya suka sayar kafin su ɗinka wa 'yarsu rigar makaranta.

Na fara zuwa wurin ma'aji. Mutum ne mai fara'a, kullum da goro a aljihu ko da yake ba ya ci, na ba mutane ne. Ya saurare ni har na gama, ya yi murmushi.

"Malama, abin nan daga sama yake gangarowa. Ni da ke wane ne? Ki sa hannunki ki ci tuwonki."

"Tuwon ne ba ya ciwuwa," na ce.

Shugaban makaranta sabo ne, ba ɗan yankinmu ba, yana kuma jiran ƙarin girma. Ba mugu ba ne. Da na kai masa waken a kofi sai da ya kau da kai. Ya ce zai rubuta Kaduna. Na tabbata ya rubuta, na kuma tabbata wasiƙar teburin surukin Baba ta sauka.

Da Ista aike ya sake zuwa, wannan karon atamfa turmi biyu da garwar man gyaɗa. Na ɗora garwar a ka, na saɓa atamfar a kafaɗa, na taka da ƙafa har gidansa da rana tsaka, ta cikin kasuwa. Baba ba ya nan. Na ajiye a gaban matarsa na ce a yi masa godiya, amma yara ba su rasa komai ba. Ta dube ni ta dubi kayan ta ce, "Kin san abin da kike yi kuwa?" Na ce na sani. Gaskiya rabi na sani.

Kayan zango na gaba sun iso wata safiya bayan an kwana ana ruwa, hanyar makaranta duk taɓo. Baba bai zo ba, direbansa ya turo da masu sauke kaya. Ma'aji ya fito da takarda da biro kamar kullum. Na ce kada a shigar da ko buhu ɗaya sito, a jera su a baranda, sai an auna. Takarda ta ce kowane buhu kilo ɗari ne, to mu gani. Ma'aji ya ce ai sikelin makaranta an kai shi gyara. Na tambaye shi yaushe. Ya ce tun shekarar da gwamnati ta karɓi makaranta.

Na kulle sito na ɗaure makullai a bakin zane na tafi kasuwa. Akwai wani Alhaji mai hatsi da muke saye a wurinsa zamanin mishan, kakanninsa ma a kasuwar suka tsufa. Na same shi a rumfarsa muka gaisa, na gaya masa ina son aron sikelinsa na rataye. Ya shafa gemu.

"Malama, sikeli ga shi nan, ba zan hana ki ba. Amma ni ma na nemi kwangilar nan bara, aka ce takarduna ba su cika ba. In kika auna da nawa za a ce haushi ne, na murɗa shi. Ki tafi tasha. Sikelin reluwe ba shi da ɗan'uwa a garin nan, kuma suna ba da takarda da hatimi."

Shi ya kira mini masu amalanke biyu, ya ce in biya su abin da ya sauwaƙa. Da muka koma makaranta na ce wa direban Baba ya zaɓi buhu huɗu da hannunsa, waɗanda ya ga sun fi cika. Ya yi ta waige-waige yana neman ma'aji, ma'aji kuwa ya shige ofis ya turo ƙofa. Daga ƙarshe ya nuna huɗu. Na ce ya biyo mu ya zama shaida. Ya biyo.

Daga makaranta zuwa tasha tafiya ce mai ɗan nisa, ga taɓo. Sau biyu amalanken yana kafewa ina sa kafaɗa muna turawa. Mutane suna tsayawa bakin hanya suna kallon malamar makaranta da laka har gwiwa tana bin buhunan masara. Wata 'yar zumuntar matan majami'armu ta tambaye ni ko ƙaura nake yi. Na ce a'a, awo za ni.

Akawun rumfar kaya a tasha mutumin kudu ne, Hausarsa a karye. Ya tambaye ni ina za a aika kayan. Na ce ba inda za su, nauyinsu kawai nake so. Ya ce sikelin na kayan da za su hau jirgi ne. Na ce to ya rubuta za su hau, in ya so bayan awo in canja shawara, ko an hana mutum canja shawara? Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce a ɗora. Na farko kilo tamanin da biyu. Na biyu saba'in da tara. Babu wanda ya kai tamanin da biyar, kuma wannan da yashin da totuwar a ciki. Ya rubuta kowanne a tikiti ya buga hatimi, na biya kuɗin awo daga aljihuna. Direban Baba ya zauna a kan wani akwati ya dafe kai.

Muka mayar da buhunan makaranta. Mama ta shimfiɗa tabarma a gaban kicin muka juye ɗaya, mata suka sheƙe suka tankaɗe. Abin da ya fita na datti ya cika babbar roba har ya yi tozo.

Shugaban makaranta ya kira ni. Ya ce in na ƙi karɓar kayan, me yara za su ci jibi? Abin da ya rage a sito ba zai wuce kwana biyu ba. Gaskiyarsa ce, kuma na san da wannan igiyar ake son a ɗaure ni. Na ce zan karɓa, zan kuma sa hannu. Ma'aji ya saki ajiyar zuciya ya miƙo takardar. Na ɗauki biro, a saman layin sa hannuna na rubuta da manyan baƙaƙe cewa na karɓi buhunan amma an auna huɗu a tasha, ga nauyinsu, kuma akwai yashi a masara da ruwa a manja da ƙwari a wake. Na danna sosai yadda zai fito a kwafi ukun. Sannan na sa hannu.

"Kin ɓata takardar gwamnati," in ji ma'aji. "Baitulmali ba zai biya da wannan ba."

"Su biya abin da aka kawo."

Washegari ya zo da sabuwar takarda fara tas. Na sake rubuta abin da na rubuta jiya. Bayan kwana biyu ya kawo ta uku, har da zama ya yi mini nasiha kamar ƙanwarsa. Na rubuta. A ta huɗu ya riƙe takardar da hannu biyu, ya rufe saman da tafinsa ya bar mini layin kawai. Na ce ya ɗaga hannunsa ko in yi rubutun a bayan hannun. Daga nan bai sake kawowa ba. Na ji daga baya wai littafin takardun ne ya kusa ƙarewa, kuma kowace tana da lamba, sai ya yi bayanin inda ta shiga.

Ranar Lahadi bayan sujada a majami'a aka ce ana nemana a gidan Baba. Na tarar da dangin mijina maza shida a ƙarƙashin mangwaro, an ajiye mini kujera 'yar tsugunne a tsakiya. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba. Wani ƙanen mahaifinsu, tsoho sosai, shi ya fara magana da yarenmu. Ya ce mace ta gari ba ta kwance wa gidan mijinta zane a kasuwa. Ya tuna mini akwatin gawa da motar da ta kai ta gida. Na ce ban manta ba, ba kuma zan manta ba.

Sai Baba ya ce a bar shi da ni. Bai ɗaga murya ba.

"Matarmu, kina ganin ni ɓarawo ne. To bari in gaya miki. Kafin takardar kwangilar nan ta fito, kin san hannu nawa take bi? Kowane hannu da rabonsa. Wanda ya buga ta a keken rubutu ma sai ya samu. In na cika buhu kilo ɗari na ba su nasu, gidan nan zan sayar. Ba ni na ƙirƙiro abin ba. Haka na tarar."

Na yarda da shi, har yau ma na yarda. Na ce, "To Baba, mu je Kaduna tare ka faɗi haka. Ni zan tsaya a bayanka."

Ya yi wata 'yar dariya. "In faɗa wa wa? Wanda zan faɗa wa shi ne ya karɓa."

"To ni ma ba zan sa hannu a kan ƙarya ba. Cikin yaran nan akwai jikokinku. Akwai 'yar ƙanwarka a aji biyu, sati biyu ta yi a ɗakin jinya. In rabon mutanen Kaduna ne dole, a cire daga wani wuri, ban da kwanon yara."

Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa ya ce tunda na zaɓi takardar gwamnati a kan dangi, gwamnati ta ba ni gona. Mijina ya bar gonar citta a ƙauye, ita nake nomawa da hutu ina biyan kuɗin makarantar babban ɗana. Kafin sati ya zagayo an ba wani ita, da cittar da na riga na shuka na rufe da ganye. Na yi kuka a kan gonar nan, a ɗakina, ba a gabansu ba.

A majami'a ma abin ya bi ni. Fasto ya zo gida ya yi mini addu'a, ya roƙe ni in nemi sulhu saboda sunan ikkilisiya. Na ce masa a shirye nake, ranar da buhu ya cika ni zan fara zuwa gaishe da Baba. A zumuntar mata aka tsallake ni a jerin masu ba da waƙa. Bencin da nake zama ya yi makonni ba mai raɓarsa sai Mama, wadda ma ba majami'armu take zuwa ba, ta dawo takanas tana zama kusa da ni tana gyangyaɗi.

Sai ga takardar tuhuma daga Kaduna. Ba ta ambaci yashi ba. Laifina shi ne na fitar da kayan gwamnati daga harabar makaranta ba da izini ba, na kuma ɓata takardu uku. An ba ni kwana uku in faɗi dalilin da zai hana a hore ni. Na amsa a shafi ɗaya. Na ce na fitar da buhu huɗu na dawo da huɗu, ga kwafin tikitin tasha, ainihin kuwa yana hannuna, duk mai son gani ya zo. Aka riƙe albashina. Wata biyu muna cin abin da na noma a bayan gida, ina ɗinkin kayan mutane da yamma. Alhajin kasuwa ya aiko mini da tiya biyar ta dawa, na mayar masa. Ya aiko a tambaye ni ko ya yi mini laifi. Na ce a gaya masa bai yi ba, amma yana neman kwangila, ni kuma mai sito ce. Aka ce ya yi dariya ya ce matar nan ba ta da dama.

Ban san yadda abin zai ƙare ba da ba a yi canjin gwamnati a daminar nan ba. Sojoji suka ture sojoji, sabbin suka shiga korar ma'aikata, kullum rediyo na karanto sunaye. Manyan da ba sa amsa gaisuwa suka koma su ke fara gaishe ka. A cikin wannan tsoron ne wani ya tono fayil ɗina, aka aiko in je Kaduna in bayyana gaban kwamiti. Ba na ruɗin kaina cewa gaskiyata ce ta motsa su. Kowa neman abin da zai nuna yake yi, a ga shi ma yana shara.

Na hau jirgi da tikitin tasha a cikin jaka da gwangwanaye biyu na madara da na rufe da tsumma. Mutum uku ne a kwamitin, a wani ɗaki mai fanka. Shugabansu dattijo ne mai farin gilashi. Ya karanta tuhumar ya ce, "Malama, kin san kin karya doka?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ku hore ni a kan huɗun da na fitar na dawo da su. In kun gama sai ku gaya mini wanda zai amsa na waɗanda aka biya amma ba su taɓa shigowa ba."

Na ƙarshensu, wani matashi, ya ce maganar nauyi magana ce ta ƙwararru, hatsi yakan bushe ya rage nauyi a hanya. Na kwance gwangwani na farko na juye a kan teburinsu, yashi da totuwa. Na ce wannan daga mudu biyar kacal aka tankaɗe, shi ma bushewa ya yi? Na kwance na biyu. Waken ya kwana biyu a rufe, ƙwarin suka watsu a kan fayil suna bin takardu. Matashin ya ja kujera baya. Dattijon bai motsa ba, ya cire gilashi ya daɗe yana kallo.

"Wannan ake ba yara?"

"Ranar Talata da Juma'a."

Ya tambaye ni me nake so a yi. Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, amma na daɗe da amsar. Na ce a ajiye sikeli a kowace makarantar kwana. A auna kaya a fili da rana, ba a bayan sito ba. Kada a bar sa hannu ga mutum ɗaya da za a iya saye da atamfa ko a tsorata da gona, a sa malami ɗaya da shugabar masu girki da wani daga cikin iyaye su ma su gani su shaida. Kuma ranar da za a buɗe takardun masu neman kwangila a kira su duka su zauna, a karanta farashin kowa da ƙarfi. Ya ce wa ya gaya mini ana saye da atamfa? Na ce ni aka saya, turmi ɗaya, tana nan a akwatina in suna so. Ya rubuta wani abu.

Bayan wata guda takarda ta zagaya makarantu. Sikeli da shaidu uku sun shiga. Maganar karanta farashi a gaban kowa ba ta shiga ba. An biya Baba bisa nauyin da aka auna, ba a kuma sabunta kwangilarsa ba. Surukinsa ba abin da ya same shi, canja masa ofis kawai aka yi. Shekara ba ta cika ba na ji wani sabon kamfani da sunan matar Baba yana kai abinci wata makaranta can wajen Zariya. An sake mini albashina, amma gargaɗin fitar da kayan gwamnati ya zauna a fayil ɗina har na yi ritaya. Gonar ba ta dawo ba. Ni da Baba muka koma gaisuwar bakin majami'a, ina durƙusawa yana amsawa yana kallon wani wuri, haka har ya bar duniya. Na je jana'izarsa na yi girki kwana uku tare da sauran matan gida, domin wannan hakkinsa ne.

Ni kuma aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar makaranta a hanyar Kachia, wai ana buƙatar ƙwarewata a can. Ba wuta, ba famfo, mota sai ranar kasuwa. Na kwashe yara muka tafi.

Labarina ya riga ni isa. Ɗan kwangilar can wani mai ƙiba ne mai yawan dariya. Sikelin da gwamnati ta yi alkawari bai iso ba tukuna, sai ya zo da nasa a bayan mota, sabo fil, irin na ƙasa da ake ɗora buhu a kai. Ya ce ya ji Malama tana son awo, ga shi ya hutar da ni zuwa tasha. Shaidu suka taru, malamin lissafi da mai girki da wani tsohon soja cikin iyaye. Aka ɗora buhu na farko, kilo ɗari cif. Na biyu ɗari har da ɗoriya. Ɗan kwangila yana ta murmushi yana kallona.

A satin nan na je asibitin mishan saboda ciwon ƙafa, an kuma auna ni, katin yana cikin jakata. Na ce a sauke buhun. Na tuɓe takalmi na hau sikelin da kaina. Allura ta wuce nauyina da kilo goma sha biyu.

Na miƙa wa tsohon sojan katin ya karanta, ya dubi allurar, ya dubi ɗan kwangila. Mai girki ta toshe baki da gefen zane.

"Ko dai abincin garin nan ne ya karɓe ni cikin kwana huɗu," na ce, "ko kuma a sauke kayan nan a baranda."

Aka sauke a baranda. Tsohon sojan ya ɗauki kekensa ya tafi kasuwa neman wani sikelin, mu kuma muka jawo benci muka zauna jiransa.